Hayaƙi, ƙura da yadda muke jera gidaje a Gombe: tambayoyin da ake yawan min

Assalamu alaikum jama'a. Ni aikina zanen gida ne da duba aikin gini a nan cikin garin Gombe, kuma tun da na fara yi wa masu fuloti magiya akan su dinga bar wa iska hanya, tambayoyi suke ta zuwa min, wasu ta WhatsApp, wasu a wajen aiki, wasu ma bayan an idar da sallah a tare ni a ƙofar masallaci. Shine na ce bari in tara su waje ɗaya in amsa, wanda ya karanta ya tura wa ɗan uwansa, musamman mai shirin aza harsashi ko mai janareta a gida.

Malam, ai iska ce ke kwashe hayaƙi. Me ya haɗa gini da wannan magana?

Eh iska ce ke kwashewa, amma sai in ta samu hanya. Duk ɗan Gombe ya san yadda ruwa ke gudu a kwari in an yi ruwan sama mai ƙarfi. Ka lura da ƙafar gada ko wani babban dutse a tsakiyar kwarin, ta gaba ruwan na dukansa da ƙarfi, ta gefe yana wucewa da gudu fiye da ko'ina, amma ta bayansa sai ka ga ruwan yana ta juyawa waje ɗaya, kara da leda da robobi duk sun taru a wajen sun ƙi tafiya. Toh iska ma haka take yi da gini sak, banbancin kawai ita ba a ganinta. In ta daki bango wani sashi ya haura sama ya bi ta kan rufi, wani ya kewaya ta kusurwa da sauri, wani ya sauko ƙasa, sannan a bayan ginin a samu wajen da iskar ke juyawa a hankali kaman ruwan bayan dutsen nan. Duk hayaƙin da aka saki a wannan wajen ba ya tafiya nan take, zagayawa yake ta yi yana dawowa jikin bango da tagogi.

In gida ɗaya ne tilo a fili abun da sauƙi, iskar na komawa daidai bayan ɗan nisa. Matsalar tana farawa ne in gidaje sun yi cunkus, bayan wannan shine gaban wancan, iska ba ta gama farfaɗowa daga gini na farko ba ta ci karo da na biyu.

Ta yaya zan gane inda iska ke maƙalewa a gidana?

Tambayi mai sharar gidan, ta fi kowa sani. Duk kusurwar da kullum ake samun busasshen ganye da ledar fiya wata da ƙura sun taru, nan ne iska ke juyawa ta sauke kayanta, kuma nan hayaƙi zai tsaya. In kana son ka gani da idonka, sa a zuba turaren wuta a kasko ka zaga da shi tsakar gida da lungun baya da bakin kowace taga, ka kalli inda hayaƙin ya miƙe ya fita da inda ya tsaya yana lilo ko ya shige ɗaki. Ka gwada da rana, ka sake gwadawa bayan magariba, sannan ka yi a hunturu ka yi a damina, dan amsar ba ɗaya ba ce.

Mu da ba mu da dogayen benaye irin na Legas ko Abuja, wannan ya shafe mu kuwa?

Wannan ita ce tambayar da na fi son amsawa, dan nan ne mutane da yawa ke kuskure. Iska ba ruwanta da hawa nawa gini yake, abun da ke aiki shine tsawon bango daga ƙasa zuwa sama in an gwada shi da faɗin hanyar da ke tsakanin gini da gini.

Wani masani a jami'ar British Columbia ta ƙasar Kanada mai suna Tim Oke ya yi bayanin abun a 1988, kuma har yau da shi ake koyarwa. Ya kasa shi gida uku. In hanya tana da faɗi sosai, wato faɗinta ya ninka tsawon ginin sau uku ko fiye, iska na sauka har ƙasa ta share titin kafin ta kai gini na gaba. In hanyar ta ɗan matse, juyawar iskar bayan wannan gini sai ta fara haɗuwa da ta gaban wancan. In kuma ta matse har tsawon bango ya kai kaman kashi 70 cikin 100 na faɗin hanya ko ya wuce, toh iskar sama ba ta ma damu ta sauko ba, sai ta zame ta kan rufi ta wuce abunta, ta bar ta ƙasa tana ta juyawa kaman ana gauraya kunu a kwarya.

Yanzu ɗauki lungu irin na tsofaffin unguwanninmu, Jekadafari ko Herwagana ko Bolari ko cikin Pantami, faɗinsa mita 2, katanga hagu da dama mita 3. Tsawo ya ninka faɗi sau ɗaya da rabi kenan, wato a lissafin iska wannan lungun ya fi wani babban titi mai benaye hawa biyar matsewa. In kuma tsawon ya ninka faɗin sau biyu ko fiye, juyawar ma rabuwa take biyu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ta ƙasan kuma ba ta da ƙarfin komai, kusan a tsaye take. A nan yara ke wasa, a nan ake hura gawayi a soya awara, a nan ɗan acaɓa ke barin mashin a kunne yana jiran fasinja. Manyan titunanmu masu faɗi da gidaje ƙasa-ƙasa ba su ne damuwata ba gaskiya, lunguna ne da layukan cikin kasuwa, musamman inda aka rufe sama da kwano da tamfol saboda rana alhali injin niƙa da janareta na aiki a ƙarƙashi.

Shagona yana bakin layi, hayaƙin keke napep da mashina ya fi damun ɓangarenmu fiye da na tsallake. Ko dai ni nake ganin haka?

Ba ganinka ba ne yaya, haka abun yake. Ka ɗauka layin ya miƙe daga kudu zuwa arewa, iska kuma na zuwa daga gabas. Za ta tsallake rufin shagunan gabas, ta daki fuskar shagunan yamma, ta gangaro ƙasa, sannan ta bi ƙasan titi ta DAWO gabas ta hau bangon shagunan gabas ɗin. Wato a ƙasa iskar baya take yi. Shagunan yamma suna samun sabuwar iska daga sama, na gabas kuma su ake kai wa duk abun da salansa ta fitar. Ɓangaren da kake ganin ya fake daga iska shine mai shan hayaƙi.

A nan yankin da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da damina kuma daga kudu maso yamma, dan haka wanda ya sha a watan Janairu maƙwabcinsa na tsallake ne zai sha a Agusta. In kuma iskar ta bi tsawon layin ne kai tsaye, toh sai ta zama kaman ruwa a kwalbati, ta tura hayaƙin gaba, sai dai na ƙarshen layi yakan samu tarin abun da aka kwaso.

Amma ai hadari daga gabas yake tasowa da damina, ya ka ce kudu maso yamma?

Duka biyun gaskiya ne. Hadari da iskarsa mai ɗage kwano daga gabas suke zuwa, shi ya sa magabata ba sa son babbar taga a bangon gabas, amma wannan na ɗan lokaci ne. Iskar yau da kullum ta damina, mai ɗan sanyin nan da laima, daga kudu maso yamma take, daga teku. Ita ake lissafi da ita a maganar hayaƙi.

Ina ya kamata in ajiye janareta? Ni a lungun da ke tsakanin ɗaki da katanga nake sawa saboda ɓarayi da ƙara.

Dan girman Allah ka cire shi daga nan yau, kar ka jira gobe. A duk abun da zan faɗa a wannan shafin wannan ne ya fi haɗari, yana kashe mutum a dare ɗaya.

Wannan lungun na tsakanin bango da katanga, wanda mafi yawa bai wuce mita ɗaya ba, rijiya ce. Iska ba ta shiga ta fita, hayaƙin sai ya cika shi ya hau bango, kuma me ke jikin bangon? tagar ɗakin kwana. Sannan akwai wani abu da mutane ba su sani ba, ɓangaren gidan da ya ba iska baya yana da ɗan zuƙo da ke riƙe hayaƙi a jikin bango, ga fanka tana juya iskar ɗaki, ga zafin ɗaki na fita ta sama yana jawo ta waje ta ƙasa, sai hayaƙin ya bi ta taga da ƙasan ƙofa har ta cikin silin. Gubar da ke ciki sunanta kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kamawa sau 200 da wani abu. Mutum na barci ba zai ji komai ba. In a farke yake zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, sai a ce zazzaɓi ne ko an ci wani abu. Alamar da za ta sa ka zargi hayaƙi ita ce mutum biyu uku a ɗaki ɗaya su kamu lokaci ɗaya, kuma in sun fita waje su ji sauƙi. In haka ta faru a kashe injin, a buɗe ko'ina, a fitar da kowa fili, a tafi asibiti ko da sun farfaɗo. Madara da manja ba sa cire wannan gubar daga jini, oksijin ake sa wa mutum.

Ni kaina abun ya taɓa ni. Akwai lokacin da ƙaramar 'yata ke tashi da tari da ciwon kai kusan kullum da safe, mun yi ta maganin mura, sai wani dare na shiga ɗakinsu na tsaya bakin taga na ji ɗumin hayaƙi a fuskata. Ashe maƙwabcinmu ya mayar da injinsa bayan katangarsa, salansar tana kallon lungunmu, hayaƙin na tsallako katanga yana zama a ƙarƙashin tagar yara. Bawan Allah bai ma sani ba, da na kira shi ya zo ya tsaya a wajen da kansa sai jikinsa ya yi sanyi, washegari ya canza masa waje. Tarin ya tafi cikin 'yan kwanaki. Tun daga ranar ba na zana gida ban nuna wajen janareta a jikin takardar ba.

Ƙa'idar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ke bayarwa ita ce aƙalla ƙafa 20, kusan mita 6, daga kowace taga da ƙofa, salansa kuma ta kalli nesa da gida. Na san a fuloti mai 50 da 100 da aka cika da gini samun mita 6 aiki ne, toh a nemi wajen da ya fi ko'ina buɗewa, gaba ko baya, a yi masa keji na ƙarfe da rufin sama kawai ba ɗaki na bulo ba, kuma a duba tagar maƙwabci kaman yadda ake duba ta gida. Kar a sa shi a zaure, ko gareji ko da a buɗe yake, ko ƙasan matakalar bene. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ke ƙara in ta ji wannan gubar, wanda ke da hali ya saya ya maƙala kusa da ɗakin kwana. Kaskon gawayi da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin sanyi shi ma wannan gubar yake fitarwa.

Me ya sa da magariba da asuba hayaƙi ke kwanciya akan gari, da rana kuma ba a gani?

Da rana ƙasa ta ɗau zafi, iska mai zafi na tashi sama tana tafiya da hayaƙi tana gauraya shi da iska mai yawa, har kilomita ɗaya ko fiye. Rana na faɗuwa, musamman da hunturu da babu girgije babu laima, ƙasa ta huce da sauri, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta zauna a samanta kaman murfin tukunya. Duk abun da aka ƙona a lokacin a ƙarƙashin murfin zai zauna har sai rana ta fito ta fasa shi.

Mu kuma a Gombe ƙasar ma ta ƙara mana. Duk wanda ya shigo ta hanyar Bauchi ya san daga Tumfure gangarowa ake yi, garin na ƙasa, ga duwatsu ta gabas. Iska mai sanyi kaman ruwa take, gangarowa take yi da dare ta taru a kwari. Tsaya a saman tudun nan da sassafe a watan Disamba ka kalli cikin gari za ka ga wani farin mayafi a kwance akan unguwanni, wani hazo ne, amma da yawa hayaƙin itace ne da bola da injina na daren jiya. Kuma abun takaici lokacin da muka zaɓa mu cinna wa bola wuta kenan, da yamma in an gama shara, daidai lokacin da murfin ke rufewa. Ƙona leda da taya ba kyau a kowane lokaci, amma na magariba duk unguwa ce ke kwana da shi a ƙirji.

Wannan murfin shi ya yi ɓarna a Landan a Disamba 1952, daga ranar 5 zuwa 9, sanyi ya sa kowa ya hura kwal, iska ta tsaya cik, hayaƙin ya zauna akan birnin. A lokacin an ƙidaya mutum wajen 4,000 da suka mutu, binciken baya kuma ya kai adadin kusan 12,000. Dalilin da ya sa suka yi dokar tsaftace iska a 1956 kenan.

Takamaimai mene ne a cikin hayaƙin da ke cutarwa?

Banda gubar da na faɗa, babban abokin gaba shine ƙananan ɓurɓushi da ake ce wa PM2.5, sun fi silin gashin kai sirantaka kusan sau 30, gashin hanci ba ya tare su, suna wucewa can ƙasan huhu har su shiga jini. Su ke tayar da asma, su jawo ciwon huhu ga yara, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga manya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta ce matsakaicin shekara kar ya wuce maikurogiram 5 a kowace kubik mita ta iska (wato cikin akwati mai mita ɗaya ta kowane gefe), na kwana ɗaya kar ya wuce 15, kuma a lissafinta gurɓatacciyar iska ta gida da ta waje na kashe mutum kusan miliyan 7 duk shekara.

An buɗe gidan burodi kusa da mu, suna da bututun hayaƙi amma duk da haka hayaƙin a tsakar gidanmu yake sauka. Me ya sa?

Saboda bututun gajere ne hajiya. Iskar da ta hau kan rufi tana lanƙwasowa ƙasa a bayan ginin, in bakin bututun yana cikin wannan lanƙwasar sai ta kamo hayaƙin ta dire shi a gidan da ke baya. Tsohuwar ƙa'idar injiniyoyi ita ce bututu ya kai ninki biyu da rabi na tsawon ginin, wato gini mai mita 4 bututunsa ya kai mita 10 daga ƙasa, kuma ana lissafi ne da gini mafi tsawo da ke kusa ba na mai burodin kaɗai ba. Shi ya sa wani lokaci shekaru ana zaune lafiya, sai wani ya ɗora bene a gefe, daga nan hayaƙin ya fara sauka inda bai taɓa sauka ba. Sannan hular kwanon nan da ake kifawa a bakin bututu saboda ruwan sama tana danne hayaƙin ta tura shi gefe da ƙasa maimakon ya harba sama.

Shawarata a fara da magana ta mutunci, a je da dattijo ɗaya a nuna wa mai wajen, ƙarin 'yan mitoci na bututu ba zai karya shi ba. In ya ƙi a je wa mai unguwa, daga nan duba-gari na ƙaramar hukuma ko GOSEPA, hukumar kare muhalli ta jiha. A tarayya kuma akwai NESREA da aka kafa a 2007 dan tabbatar da dokokin muhalli.

Doguwar katanga tana karewa ko tana ƙara matsala?

Ya danganta da ɓangaren da hayaƙin yake. In gidanka na bakin babban titi katanga na rage abun da ke shigowa kai tsaye. In kuma murhu da janareta da mota suna ciki, toh ka gina musu tukunya ne. Ni abun da nake ba mutane shawara, ɓangaren titi a yi ta a rufe, sauran ɓangarorin layi biyu ko uku na sama a sa bulo mai ƙofofi, sutura na nan iska kuma na wucewa. Masu rufe tsakar gida gaba ɗaya da kwano kuma su bar tazara tsakanin rufin da bango, kar a ce an rufe ruf ana girki da itace a ciki.

Ƙurar hunturu fa, ita ma gini na da tasiri a kanta?

Kaɗan. Ita daga nesa take zuwa ta lulluɓe gari gaba ɗaya, mafi yawanta daga wani kwarin busasshen tafki da ake kira Bodele a ƙasar Chadi, arewa maso gabas da tafkin Chadi. Abun da ke burge ni shine dalilin da ya sa wajen ke tada ƙura haka irin maganar da muke yi ne, iska ce ke matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi kaman yadda take matsewa tsakanin benaye biyu, ta fito da gudu ta kwashi garin ƙasan tafkin. Mai laushin babu katangar da za ta tare ta, mai ɗan nauyin kuma tana sauka inda iska ta lafa, wato tsakar gida da lungu. Ranar da hazo ya yi kauri a rufe tagogin gabas da arewa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma maimakon kaɗe da tsintsiya, a yayyafa ruwa kafin shara, mai asma ya sa takunkumi irin N95 ya riƙe maganin shaƙarsa a aljihu. Amma rufe taga saboda ƙura ba lasisin hura wuta a ɗaki ba ne.

Bishiya ai tana tace iska ko?

Tana taimakawa, ga inuwa ga rage zafi ga riƙe ƙasa, mu da zaizaya ke cin unguwanni ba mai ce mana kar mu shuka, kuma shirin Gombe Goes Green da aka fara a 2019 abu ne mai kyau. Sai dai a matsattsen layi mai yawan ababen hawa, in dogonyaro na hagu da na dama suka haɗe kai a sama sun zama rufi, hayaƙin ƙasa ba ya samun fita. A irin wajen a ba su tazara, a dinga sassabe, ko a yi shinge na gajerun shuke-shuke tsakanin titi da masu tafiya a ƙafa. A fili da makarantu da tituna masu faɗi kuwa a shuka iya iyawa.

Zan kama haya, sama ya fi ko ƙasa? Kuma nisa nawa daga titi?

In hayaƙin mota ne damuwarka sama ya fi, yana raguwa in ana hawa. Amma leƙa ta taga ka gani ko akwai bututun gidan burodi ko salansar babban janareta da ta zo daidai da hawan. Maganar nisa kuma, hayaƙin babban titi na raguwa sosai a mita 100 zuwa 150 na farko, zuwa mita 300 ko 500 ya kusa zama daidai da sauran gari. Ɗakin yara da tsofaffi ya kasance ɓangaren da ya ba titi baya.

Wai har cuta na iya bin iska daga gini zuwa gini?

Ya taɓa faruwa. A 2003 lokacin annobar SARS, a wani rukunin benaye a Hong Kong mai suna Amoy Gardens mutum fiye da 300 suka kamu. Bincike ya nuna ruwan da ke toshe wari a magudanar banɗakuna ya bushe, fankar banɗaki ta zuƙo iska daga bututun ƙazanta ta fitar da ita wani matsattsen lungu tsakanin gidaje, ta hau sama ta shiga tagogi, iskar gari kuma ta kai ta wasu benayen. Bayan nan gwamnatinsu ta shigo da tsarin auna yadda iska za ta wuce kafin a yi manyan gine-ginen gwamnati, a 2006. Namu darasin ƙarami ne amma kullum ina ganinsa a wajen aiki, bututun sokawe da aka yanke shi daidai tagar kicin ko ɗakin maƙwabci. A ɗaga shi ya wuce rufi.

Su masanan ta ya suka san duk wannan tunda iska ba a ganinta?

Suna ƙera ƙaramin gari na katako su sa a wani dogon rami mai fanka su saki hayaƙi su ɗauki hoto, suna kuma lissafawa a kwamfuta, sannan su fita fili su gwada. A 2001 a hamadar jihar Utah ta Amurka an jera kwantena 120 layi-layi kaman gidaje aka saki iskar gwaji aka auna inda ta bi, a 2003 kuma aka yi irinsa a tsakiyar birnin Oklahoma da gine-gine na gaske. Cikin abun da aka gani har da cewa a ƙasa hayaƙi kan bi layin tituna ne ko da iskar sama ta nufi wani waje daban.

Na sayi fuloti zan fara gini. Me zan gaya wa mai zane da birkila?

Abu na farko kar ka cinye filin duka. Na san kuɗin fuloti ya yi tsada kuma kowa na son ƙarin ɗaki ɗaya na haya, kullum akan wannan muke jayayya da masu gida, amma tazarar da hukumar tsara birane ke cewa a bari gaba da baya da gefe ba dan a ɓata maka ƙasa ba ne, ita ce hancin gidan. In kai ka matso katanga maƙwabci ma ya matso, kun haɗu kun yi rijiyar da na faɗa.

Kowane ɗaki ya samu taga a bango biyu daban dan iska ta shiga ta fita, kuma a bar ƙaramar kafa can sama kusa da silin inda zafi da hayaƙi ke taruwa. Kicin na itace ko gawayi kar ya zauna a arewa maso gabas ko kudu maso yamma da ɗakunan kwana, tunda ta nan iska ke zuwa a damina da hunturu, a kai shi gefe, kudu maso gabas ko arewa maso yamma, a yi masa bututu da ya wuce rufi. Wajen janareta da sokawe a fitar da su tun a takarda, kuma ka shiga gidan maƙwabci ka ga inda tagoginsa suke kafin ka yanke.

Masu yanka filaye a sabbin unguwanni kuma, su ne ke da babbar dama wallahi, dan in an riga an gina ba a gyara layi. Mu Allah ya sauƙaƙa mana, iskar hunturu da ta damina kusan hanya ɗaya suke bi, ɗaya na zuwa ɗaya na komawa, dan haka layin da ya miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma zai samu shara a duka lokutan biyu. A Hong Kong ƙa'idarsu ita ce manyan tituna su bi hanyar iska ko kar su kauce mata fiye da digiri 30. Birnin Stuttgart na Jamus, wanda shi ma a kwari yake kaman mu, tun 1938 yake da ma'aikacin yanayi a ofishin birni, kuma sun hana gini a wasu gangaren tudu dan iskar dare mai tsabta ta samu hanyar sauka cikin gari. Kar a toshe ƙarshen layi da shago, kar a jera filaza mai tsawon mita ɗari babu ko kafa ɗaya a tsakani, gidaje kuma in tsawonsu ya bambanta ya fi a ce duk kai ɗaya, dan mai tsawon yana kamo iskar sama ya sauko da ita ƙasa. Filin makaranta da na ƙwallo da bakin kwari da aka ware a taswira a bar su yadda aka ware su, in ka ga an fara kafa bulo a irin wajen a unguwarku ku haɗu ku je ofishin tsara birane tun ginin bai kai linta ba.